Me Ya Sa Muke Taruwa Ranar Lahadi?

Ya ku 'yan'uwa ƙaunatattu cikin Kristi, jama'ar Allah da ke Haɗejiya da ƙauyukan bakin kogi, 

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutanenmu, har muka ga ya wajaba mu amsa ta a rubuce, domin waɗanda suka fi bukatar amsar ba sa nan ranar Lahadi balle a faɗa musu daga bagadi. In katekist ya je gaida mutum, ya ce masa, "Kwana biyu ba mu gan ka a coci ba," sai ya amsa, "Ai Malam, Allah yana ko'ina. Ina addu'ata a ɗaki. Bangaskiya a zuciya take." Wani kuma ya ɗaga wayarsa, ya ce a ciki yake kallon Mas. Masu faɗin haka ba maƙiyan Ikilisiya ba ne. An yi musu baftisma, da yawansu a gaban bagadi aka ɗaura musu aure, ranar da Allah ya yi musu rasuwa kuma coci za a kawo su. 'Yan'uwanmu ne, shi ya sa maganar ta dame mu.

Rabin abin da suke faɗa gaskiya ne, ba za mu musa ba. Allah yana ko'ina. Masunci da ke cikin kwalekwalensa da tsakar dare, in ya ɗaga zuciyarsa ga Ubangiji, an ji shi. Ubangijinmu da kansa, a sura ta shida ta Bisharar Matiyu, ya yi mana gargaɗi a kan addu'ar ganin ido, ya kuma yaba wa addu'ar ɓoye. Shi ma yakan keɓe kansa a kan dutse ya kwana yana addu'a. Amma wannan Yesu ɗin ne Luka ya shaida mana cewa shiga majami'a ranar Asabar al'adarsa ce. Addu'ar da ya koya mana kuwa, ku duba ta da kyau: tun daga kalmar farko har ƙarshenta da bakin jama'a aka tsara ta. Ko kai kaɗai ne a ɗaki, ƙofa a kulle, ba ka iya yin addu'ar Ubanmu sai ka ɗauko sauran 'yan'uwa ka shigo da su.

Mu mutanen wannan kwari ba ma bukatar dogon bayani kafin mu gane wannan, domin kogi ya riga ya koya mana. Kowa ya san yadda ruwa yake zuwar mana. In damina ta yi nisa, madatsar Tiga da ta Challawa suka cika, abin da ya sauko daga Kano sai ya bi ta Wudil da Ringim ya nufo mu. Mun ga abin da ya yi a 2012, mun gani a 2020, na 2022 kuwa har yanzu akwai gidajen da ba su farfaɗo daga gare shi ba a Auyo da Kafin Hausa da sauran wurare. Me ake yi a irin waɗannan ranaku? Ana fita jinga. Matasa suna ɗura ƙasa a buhu, wasu suna ɗauka a ka, dattawa suna nuna inda ya fi rauni, mata suna kai abinci da ruwan sha, da dare kuma a raba gadi, ana yawo da tocila ana duba inda ruwa ya fara tsatsafowa. A bakin jinga ba a tambayar mutum sunansa ko addininsa, buhu ake miƙa masa.

To, a ce wani ya ƙi fita. Ya ce shi gidansa kaɗai ya sani, ya jera buhu ashirin a ƙofarsa, ya koma ya kwanta. Duk wanda ya taɓa ganin ambaliya ya san ƙarshen labarin. Ruwa ba ta ƙofa kaɗai yake shiga ba. Yakan ɓullo ta salga, ya jiƙa gindin katanga, ginin ƙasa ya sha ya ƙoshi, da asuba a ji ya zauna. Buhunansa masu kyau ne, aikinsa ma ba na banza ba ne, sai dai wurin da ya kamata ya kai su can ne bakin kogi, a jikin na sauran mutane. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Wurin da ya kamata buhunansa su cike ya zauna a buɗe, ta nan kuwa ruwa zai bi ya ci gidan gwauruwar da ba ta da ɗan da zai ɗaukar mata buhu. Mai cewa rashin zuwansa coci tsakaninsa da Allah ne kawai, bai lissafa da wannan ba. Akwai yaron da yake kallon kujerarka. Akwai sabon tuba da ya shigo da ɗar-ɗar, ya ƙirga kawuna, ya ga mu goma sha biyu ne, ya fita yana tunanin ko ya ɓata hanya.

Amma kada mu tsaya a kan misalin jinga, don kada wani ya ɗauka coci wata ƙungiyar taimakon juna ce, kamar adashi ko taron 'yan gari ɗaya. Da don taimakon juna ne kawai, da mai wadata ya sami hujjar zama a gida. Dalilin taruwarmu ya fi haka zurfi.

Kalmar nan Ikilisiya da muke faɗa kullum, daga harshen Helenanci ta fito, ma'anarta kuwa taron waɗanda aka kira. Ashe tun a cikin sunanmu akwai kira, akwai kuma taro. Ba mu ne muka zauna muka shirya shi ba, kiranmu aka yi. Allah bai ceci Isra'ilawa ɗaya-ɗaya daga Masar ba, kowa da hanyarsa. Jama'a guda ya fitar, ya tara su a gindin dutsen Sina'i, ya yi alkawari da su. Yesu ma da ya fara aikinsa, mutum goma sha biyu ya tara, suna ci tare, suna gardama tare. A daren da aka bashe shi, abin da ya bar mana shi ne tebur, da gurasa, da ƙoƙo, da umarnin mu riƙa yin haka don tunawa da shi. Ana iya karanta littafi a kaɗaice. Ana iya jan Rosari a kaɗaice. Amma ba wanda zai iya yi wa kansa baftisma, ba wanda zai iya furta zunubinsa ga kansa ya yafe wa kansa, ba kuma wanda zai iya miƙa wa kansa Jikin Kristi daga cikin waya. Ubangiji ya ga dama ya sa alherinsa ya riƙa iso mana ta hannun wani, ta ruwa da mai da gurasa, abubuwan da ake taɓawa. Mai girman kai yana jin nauyin wannan, domin yana so ya ce tsakaninsa da Allah babu kowa. Amma Allahn da ya yarda wata budurwa ta Nazarat ta goya shi, ta shayar da shi, bai ji kunyar bi ta hannun mutane ba.

Ku tuna da Toma. A sura ta ashirin ta Bisharar Yohanna, ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu, da yamma, almajirai suna tare a ɗaki ɗaya saboda tsoro, ya zo ya tsaya a tsakiyarsu. Toma ba ya nan. Ba a faɗa mana inda ya tafi ba. Mai yiwuwa baƙin ciki ne ya sa ya ware, kamar yadda wasunmu kan yi in an yi musu rasuwa ko kasuwa ta karye. Wataƙila ma addu'a yake yi a wani lungu. Ko ma mene ne, mako guda cur ya yi cikin shakka alhali 'yan'uwansa suna murna. Abin lura shi ne, Yesu da ya ratsa ƙofa a kulle, ba zai gagara samun Toma a inda ya ɓuya ba. Amma bai bi shi can ba. Ya jira har Lahadi ta zagayo, Toma ya dawo cikin taro, sa'an nan ya nuna masa hannuwansa da haƙarƙarinsa. Haka ma mutum biyun nan na hanyar Imuwasu: sai wajen gutsura gurasa idanunsu suka buɗe, da suka gane shi kuwa ba su kwana a can ba, a daren suka juya Urushalima neman sauran.

Kakanninmu cikin bangaskiya sun riƙe wannan da jininsu, a nan ƙasarmu ta Afirka. A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokletiyan ya hana Kirista taruwa, ya sa a ƙone littattafansu. A shekara ta 304, a wani ƙaramin gari mai suna Abitina, cikin ƙasar da yau ake kira Tunisiya, aka kama mutum 49 suna Mas a wani gida, tare da firist ɗinsu Saturninus. Akwai mata a cikinsu, akwai yara. Aka kai su Kartaj gaban gwamna. Ku lura, ba wanda ya hana su yin addu'a a zuci, domin ba sarkin da ke iya leƙa zuciya. Da sun ce bangaskiya a zuciya take, kowa ya zauna a ɗakinsa, da sun mutu da furfura. Amma da aka tambayi ɗayansu, mai karatu a coci, Emeritus, dalilin da ya sa ya bar mutane suka taru a gidansa, ya amsa cewa 'yan'uwansa ne, ba zai iya hana su ba, kuma su ba za su iya rayuwa ba in babu jibin Ubangiji na ranar Lahadi. A kan wannan amsa aka azabtar da su, suka ba da ransu.

Tun kafin su, wajen shekara ta 155, Waliyi Justin ya rubuta wa Sarkin Roma bayanin abin da Kirista suke yi ranar Lahadi. Ya ce na birni da na ƙauye sukan hallara wuri ɗaya, a karanta rubutun manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, jama'a su amsa da Amin, a raba, dikinoni kuma su kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Abin da aka tara na baiko a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Wanda ya karanta wannan, ya shiga ƙaramin cocinmu na ƙauye mai rufin kwano, zai ga abu ɗaya ne, ko tsarin bai sauya ba. Mu da muka yi shekaru a makarantar firistoci muna karanta waɗannan abubuwa, har yau in muka tsaya a bagadi muka tuna, sai jikinmu ya yi sanyi.

A nan ma haka aka fara. Da layin dogo ya tashi daga Kano ya bi ta Malam Madori ya kai Nguru wajen 1930, irin mutanen da suka fara kawo bangaskiyar Katolika garuruwan bakin layi ma'aikata ne da 'yan kasuwa, baƙi ne masu nisa da gida. Fada ba ya samuwa sai jefi-jefi. Da sun ce sai an gina musu coci an ajiye musu firist, da ba mu gāji kome ba. Suka riƙa taruwa a ɗakin wani, wanda ya iya karatu ya karanta, a yi waƙa, a yi Rosari. Daga irin waɗannan ɗakuna, da na 'yan'uwanmu Hausawa na karkara da suka karɓi baftisma, aka sami abin da Roma ta ware daga Kaduna a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, har ya zama cikakken Dayosis na Kano a 1999 a hannun Bishof Patrick Sheehan, wanda Bishof John Namaza Niyiring ya gada a 2008. Taron bishof-bishof na Afirka da aka yi a Roma a 1994 ya kira Ikilisiya iyalin Allah. A ƙasar Hausa kuwa mun san me ake ce wa ɗan da yake gari ɗaya da iyayensa amma ba ya taka gidansu, sai aike. Zumunta a ƙafa take.

Yanzu bari mu faɗi ainihin abin da ke hana mutane zuwa, domin zancen "Allah yana ko'ina" sau da yawa mayafi ne kawai.

Wasu tsoro ne. Ba za mu raina wannan ba. Mun tuna Madalla ranar Kirsimati ta 2011, mun tuna masu sujada da aka kashe a Jami'ar Bayero ta Kano a Afrilun 2012, mun tuna Owo ranar Fentikos ta 2022. Uwar da ta riƙe 'ya'yanta a gida bayan irin wannan labari, ba mu da bakin zarginta. Mu kaɗan ne a wannan yanki, kowa ya sani. Amma ƙanƙantar tamu ita ce babbar hujjar taruwa. Kirista ɗaya tilo a ma'aikata ko a unguwa, in ba ya ganin 'yan'uwansa, ba a daɗewa sai ya fara jin kunyar sunansa. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa, da muke zaune lafiya da su, ku dubi yadda suke rufe shago ranar Juma'a, su shimfiɗa darduma har bakin titi cikin zafin rana. Ba sa ganin girman mai wasa da addininsa, kowane iri ne. Sau nawa maƙwabci Musulmi yake tambayar ɗayanmu, "Yau ba Lahadi ba ce? Ba ka je coci ba?"

Wasu kuma neman abinci ne. Kasuwar Gujungu ranar Lahadi take ci, mota kuma da sassafe take tashi. Mai shinkafa a fadama yana tsoron jan-baki, in ya ɗaga ƙafa sa'a biyu sai tsuntsu ya yi masa sussuka. Mai kifi yana tsoron kada kayansa su lalace. Mun san waɗannan, ba a sama muke zaune ba. Amma mu tambayi kanmu da gaskiya, in ɗaurin auren ɗan'uwa ne ya faɗo ranar, ba ma samun mai tsare mana gona? Ikilisiya ma ta sauƙaƙa, ta yarda Mas na yammacin Asabar ya tsaya a madadin na Lahadi inda ake yinsa. Wanda sana'arsa ta ɗaure shi, ya zo ya yi magana da Fada a nemi hanya, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Kashi na uku su ne suka fi ba mu tausayi, wato waɗanda mu da kanmu muka kora. An yi gulmar wata a Zumuntar Mata. An kira sunayen masu ba da gudummawa da adadin kuɗinsu, mai hannu wofi ya sunkuyar da kai, bai sāke dawowa ba. An yi taron kwamiti da harshen da rabin mutane ba sa ji. Bahaushe Kirista ya shigo, aka dube shi kamar ɗan leƙen asiri, a cocin da ke ƙasar kakanninsa. Waɗannan abubuwa suna faruwa, kuma zunubi ne. Manzo Bulus ya tarar da irinsu a Koranti, inda masu hali suke ci su ƙoshi a wajen jibin Ubangiji, matalauta suna kallo, har ya gaya musu cewa taruwarsu ta fi jawo hasara a kan riba. Amma maganin da ya ba su shi ne su gyara, su riƙa jiran juna. Bai sallame su kowa ya koma gidansa ba. A sura ta gaba ma ya kawo misalin jiki da gaɓoɓinsa, yadda ido ba shi da ikon sallamar hannu. Ɗan'uwa da aka ɓata wa rai, muna roƙonka gafara a madadin jama'a. Sai dai ka sani, wurin da za a koyi yafewa shi ne wurin da mai laifin yake. A ɗaki kai kaɗai, ba wanda zai taka ka, ba kuma wanda za ka yafe wa.

Galibi dai ba da fushi ake barin coci ba, da sannu ne. Ku dubi kacalla. Dattawa sun ce dā ba ta kai haka ba. Tun da aka gama Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa sarai da rani a wasu rassan kogin, ciyawar ta sami wurin zama. Ba wanda zai iya nuna ranar da ta toshe hanyar Marma ko ta Burum Gana. Kaɗan-kaɗan ta yi, har kwalekwale ya kasa wucewa, ruwa ya bar inda ake bukatarsa ya kwanta a gonakin mutane, tsuntsaye suka sami maɓuya. Haka Lahadi ɗaya take zama biyu, biyu ta zama wata shida. Addu'ar ɗakin ma da ake taƙama da ita, in mutum zai faɗi gaskiya, takan bi sahu ta ƙafe. Kuma duk wanda ya taɓa shiga aikin yankan kacalla ya san ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an yi gayya.

Shekarar 2020 ta ƙara wa abin taki. Da annobar korona ta sa aka rufe wuraren ibada, mun ga marigayi Paparoma Faransis shi kaɗai cikin ruwan sama a dandalin Waliyi Bitrus, ranar 27 ga Maris. Mu ma muka yi Mas a gaban kujeru wofi, kuka bi ta rediyo da talabijin da waya. Larura ce, Allah kuma ya karɓa. Amma larurar ta wuce. Hoton tuwo ba ya maganin yunwa. Mas na cikin waya alheri ne ga tsoho da majiyyaci da mai jego, ga mai lafiya kuwa da ke iya zuwa kallon ƙwallo, ba ya sauke masa farilla.

Dokar Ikilisiya a fili take. Halartar Mas ranar Lahadi da manyan ranakun idi wajibi ne, sai in da babban dalili, kamar ciwo, ko jinyar mara lafiya, ko hanyar da ba ta biyuwa. Wanda ruwa ya yanke wa hanya ba shi da laifi, kada ma ya jefa ransa cikin kwalekwalen da aka cika fiye da kima don ya zo. Amma ku ji abin da dokar ta ƙara: inda ba firist, ana ƙarfafa jama'a su hallara a yi sujadar Maganar Allah, in hakan ma ba ta yiwu ba, a keɓe lokaci a yi addu'a, mutum da iyalinsa ko gidaje biyu uku a haɗe. Ko a nan ma, taro Ikilisiya take nema mana gwargwadon iko.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wannan damina. A ƙauyen da Fada ba zai iya isa ba, katekist ko wani dattijo ya tara mutane a lokacin da aka saba, a karanta karatun ranar, a yi addu'o'in jama'a, a tara baiko ko da mudun gero ne, a kai wa gidan da ruwa ya ci, na Kirista ne ko na Musulmi. Shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su zauna su tuna wa juna fuskokin da aka daina gani tun Ista. Kada a kira sunan kowa a coci. A je gida, mutum biyu-biyu, a yi gaisuwa, a tambayi lafiyar yara, a saurari abin da za a faɗa ko da mai ɗaci ne. Masu babur su duba tsofaffin da ke kan hanyarsu. Sunayen marasa lafiya kuma a kawo mana kafin Alhamis, don mu san gidajen da za mu kai wa Jikin Kristi da zarar hanya ta buɗe.

Wanda aka kawo wa wannan takarda har gida, Mas yana nan a lokacin da ka sani. Allah ya tsare mana jinga, ya kai mu Lahadi lafiya.